Baƙon Sauro: Wa Ya Kamata Ya Sha Maganin Rigakafin Maleriya Kafin Tafiya?



Shugaban wannan zama, iyayenmu wakilan Sarkin Ruma da na Yariman Katsina, dagatai da masu unguwanni, malamanmu na addini da na boko, abokan aikina ma'aikatan lafiya, iyaye mata, da ƙannena ɗalibai da kuka cika bayan ɗakin nan, ina gaishe ku baki ɗaya. Waɗanda suka yi sammako daga Safana da Runka da Zakka, da na Ruma da Wagini, sannunku da hanya. Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya, ya zaunar mana da wannan yanki namu. Ina kuma godiya ga matasan da suka shirya wannan taro a nan Batsari, suka ga ya dace a ba ni wannan dama.

Batun da aka ɗora mini shi ne shan maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro yayin tafiya wata ƙasa, musamman kafson nan da ake kira doksisaikilin. Na san abin da wasunku ke faɗa a zuci. Mu da muke kwana da sauro mu tashi da sauro, wace ƙasa za mu je mu ji tsoronsa? Ai wannan maganar Turawa ce masu zuwa yawon buɗe ido. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Abin da na zo in faɗa muku yau shi ne, a wurinmu tafiyar da ta fi buƙatar wannan magani ita ce tafiyar dawowa gida, kuma matafiyin da ya fi shiga haɗari ɗanmu ne da ya daɗe a waje, shi da 'ya'yan da ya haifa a can. Zan bi maganar ɗaya bayan ɗaya.

Na farko: ina ciwon yake, ina kuma babu shi?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2023 an samu kamuwa da maleriya har miliyan 263 a faɗin duniya, mutum wajen 597,000 kuma suka rasu. Kashi ɗaya cikin huɗu na kamuwar a Najeriya ne. A cikin kowane mamaci goma kuwa, uku namu ne, akasarinsu yara da ba su kai shekara biyar ba. Babu ƙasar da ta kamo ƙafarmu.

To ina mutanenmu suka fi zuwa? Makka da Madina da Jidda: babu haɗarin maleriya a waɗannan birane, ɗan abin da ake tsoro a Saudiyya can kudu yake wajen iyakar Yaman. Dubai: tun 2007 aka tabbatar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta rabu da ita. Aljeriya ta samu irin wannan shaida a 2019, ƙasar Sin a 2021, Masar kuma a watan Oktoban 2024. Ke nan alhajin da zai tashi daga filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko ɗalibin da zai tafi Alƙahira, ko ɗan kasuwar da zai je saro kaya Sin, ba ya buƙatar ya sha komai don tsoron sauron can. Abin da ake nema a wurinsa allurar shawara ce, alhaji kuma har da ta sanƙarau, masu katin nan mai ruwan ɗorawa. Kuma don Allah kada a rikita, wannan kati ba ruwansa da maleriya.

Sai dai fa alhaji yana iya tafiya da tsarabar gida a cikin jininsa. Wanda zai tafi Umara a watan Satumba, sauron Batsari ya cije shi ana gobe tashi, a Makka zazzaɓin zai same shi. In jiki ya yi zafi a can, ya faɗa wa likita daga inda ya fito, ya nemi a gwada jini.

Masu zuwa asibiti Indiya, ko masu zuwa Habasha, ku tambayi likita kafin ku tashi, don akwai wani nau'in ƙwayar cutar a can da ke laɓewa a hanta wata da watanni kafin ya fito. Mai fatauci zuwa Kamaru ko Gana, ko ɗan ci-rani a Legas da Fatakwal, daga gidan ciwo ya tashi zuwa wani gidan ciwon. Ba a saba rubuta masa maganin kullum ba. Ya cusa gidan sauronsa a jaka, don a can sauro bai san rani ba.

Na biyu: me ya sa ɗan gida yake zama baƙo?

Babban mutum da ya tashi a nan, sauro ya cije shi dare bayan dare tun yana goye. Ya sha masassara iri-iri yana yaro, Allah ya yi da sauran kwana, jikinsa ya koyi kokawa da ƙwayar cutar. Ba wai ba ta kama shi ba ne. Tana kama shi, ya kwanta kwana biyu ko uku, ya sha magani ya miƙe. Da wuya ta kai shi ga suma da jijjiga kamar yadda take yi wa yaro.

Wannan kariya kamar kantar hannun manomi ce. Muddin kana riƙe da ƙotar fartanya tana nan. Ka ajiye noma ka tafi birni shekara uku, ka dawo ka ce za ka yi kunya goma a gonar mahaifinka, kafin azahar hannu ya yi bororo. Hannunka ne dai, gonar ma ita ce, amma kanta ta tafi. Haka jiki yake: idan cizon ya yanke, kariyar takan fara zubewa cikin watanni, bayan shekara ɗaya ko biyu kuwa ba a dogara da ita.

Alƙaluma sun nuna haka. A 2023 sama da mutum 2,000 ne suka koma Birtaniya da maleriya, adadin da ba a ga irinsa ba cikin fiye da shekara ashirin. Su wane ne? Mafi yawansu ba Turawa masu yawon kallon giwa ba ne. 'Yan Afirka ne mazauna can da suka zo ganin dangi, Afirka ta Yamma ce kan gaba, Najeriya kuma ita ce a sahun farko, kuma akasarinsu ba su sha maganin rigakafi ba. A Amurka ma ana samun kamar 2,000 duk shekara, labarin kusan ɗaya ne. Bature yana tsoron Afirka, saboda haka yakan je wurin likita kafin ya taso, ya kwana a otal mai sanyi da raga a taga. Namu kuwa ya ce gida zan je. Ya sauka a gidan da aka haife shi, ya zauna hira a ƙofar gida har sha biyun dare, in zafi ya yi yawa ya fito da tabarma tsakar gida. Tsakanin magariba da asuba kuwa shi ne lokacin cin kasuwar macen sauron da ke ɗauke da cutar.

Ku duba kuma lokacin da suke zuwa. Dogon hutun makarantu a Turai da ƙasashen Larabawa yakan faɗo ne a Yuli da Agusta, daidai lokacin da kududdufai suka cika, gero da dawa suka rufe bayan gida. Daga Agusta zuwa Oktoba, ku tambayi kowane ma'aikacin asibiti a nan, ba a samun wurin sa ƙafa a ɗakin yara.

Ga kuma yaron da aka haifa a Jidda ko Landan, aka kawo shi kaka ta gan shi. Wannan ko kanta bai taɓa yi ba. Sunansa na Hausa ne, kamarsa ta gidanku ce, amma a wurin ƙwayar maleriya shi da ɗan Bature duk ɗaya ne.

Iyayena, a nan laifin har da mu na gida. Ɗanku ya fito da ƙwayarsa zai sha bayan tuwo, sai abokan wasa su fara: oho, ka zama Bature ke nan, a nan fa aka binne cibiyarka! Kunya ta sa ya mayar da ita jaka. Raha ce, na sani, amma ana iya biyan kuɗinta da tsada. Kuma mun san halin rashin tsaro da muke ciki. Idan ciwo ya tsananta da dare a ƙauyen da ke bakin dajin Rugu, wa zai fito da mota ya kawo majinyaci asibitin Batsari, balle Dutsin-ma ko Katsina? Maleriyar mutumin da ba shi da kariya tana iya juyewa daga ciwon kai zuwa fita hayyaci cikin kwana ɗaya ko biyu.

Na uku: dabarar ba sabuwa ba ce, kuma mun riga mun san ta.

A 1853 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya sa wa kansa suna Abdulkarim, ya bi ta Kurfi da Zakka a kan hanyarsa daga Katsina zuwa Sakkwato. Su uku suka taso daga Turai, a lokacin shi kaɗai ya rage, zazzaɓi da wahalar hanya sun riga sun kashe sauran biyun. Ayarin Turawan Ingila da ya shigo kogin Kwara a 1841 ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na Turawan da ke cikinsa. Amma a 1854 wani likita mai suna William Baikie ya jagoranci jirgin ruwa ya haura Kwara da Binuwai, ya sa mutanensa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo, suka koma ba a rasa ko ɗaya ba. A lokacin ba a ma san sauro ne ke kawo cutar ba, sai a 1897 aka gano haka. Masu tarihi za su gaya muku cewa kwinin na cikin abubuwan da suka buɗe wa 'yan mulkin mallaka ƙofa, wannan kuma laccar wata rana ce.

A yau mu ma muna yi. Maganin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 kowane wata a damina, mene ne in ba rigakafi ba? Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da wannan tsari a 2012 don ƙasashen Sahel, a Najeriya kuma jiharmu ta Katsina na cikin inda aka fara shi a 2013. Fansidar da ake ba mai juna biyu a wurin awo, daga wata na huɗu, rigakafi ce. Paludrine da masu sikila ke sha kullum, rigakafi ce. Duk ƙa'ida ɗaya ce: a nemo wanda jikinsa ba zai iya kokawa ba, a sa masa magani a jini na ɗan lokacin da haɗari ya fi yawa. Baƙonmu daga waje ya shiga wannan layi, bambancin kawai maganinsa daban ne.

Tun da na taɓo maganin yara, iyaye mata, kwana uku ake ba da shi. Ma'aikaci ya ba da na ranar farko a gabansa, na rana ta biyu da ta uku yana hannunku. Ɗaci ne da shi, yaro zai yi kuka, a daure a ba shi. Kada kuma a ajiye wa baƙo.

Na huɗu: shi kansa doksisaikilin.

A nan zan ɗan daɗe, don a nan ake yawan kuskure. Doksisaikilin antibayotik ne, ɗan gidan su kafson nan mai ja da ɗorawa da kowa ya sani a kemis. An fara amfani da shi a 1967, don kashe ƙwayoyin bakteriya. Mai tambaya zai ce, to me ya haɗa shi da maleriya, wadda ba bakteriya ba ce? A cikin jikin ƙwayar maleriya akwai wani ɗan sashe da asalinsa da aikinsa suka yi kama da na bakteriya, kuma ba ta iya rayuwa sai da shi. Wannan sashe maganin yake lalatawa. Abin mamakin shi ne ƙwayar da aka buga ba ta mutuwa nan take. Takan ci gaba har ta hayayyafa, 'ya'yanta ne suke kasa rayuwa. Shi ya sa aikinsa yake da nawa.

Ku riƙe wannan, don abu biyu ne suka fito daga cikinsa.

Ɗaya, ba a warkar da maleriya da doksisaikilin shi kaɗai. Wanda zazzaɓi ya riga ya kama, ya ce bari ya ninka kafson rigakafinsa, ya yi wasa da ransa. Maganin wanda ya kamu shi ne irin su Coartem, sau shida cikin kwana uku, in ya tsananta kuma allurar atesunet a asibiti.

Biyu, dole a ci gaba da sha bayan an bar ƙasar. Idan sauro ya ciji mutum, ƙwayar ba ta tsayawa a jini, hanta take wucewa. Takan yi kamar mako guda a can tana hayayyafa, mutum garau, ba ciwon kai ba komai. Sannan ta fashe ta fito dubbai ta shiga jajayen ƙwayoyin jini, tana ninkuwa duk bayan sa'a 48. Doksisaikilin ba shi da ƙarfin kirki a hanta, a jini yake tare hanya. Ke nan cizon daren bankwana, ranar da dangi suka taru ana ɗaure kaya, ba zai bayyana a jini ba sai mutum ya koma bakin aikinsa. In ya ajiye magani a filin jirgi, ya buɗe ƙofa daidai lokacin da ɓarawo ya iso.

Ga yadda ake shan sa. Babban mutum kafso ɗaya mai miligiram 100 kowace rana. A fara kwana ɗaya ko biyu kafin a shigo, a sha duk kwanakin zama, a ƙara mako huɗu cur bayan an koma. Mu yi lissafi: mai zuwa hutun mako biyu zai sha 2, ya sha 14, ya ƙara 28, jimla 44. Kun ga wanda ake sha bayan an koma ya ninka na zaman. Wanda ya sha shi yadda ya kamata yana samun kariya sama da kashi 90 cikin 100. Ban ce 100 ba, saboda haka gidan sauro da man shafawa mai korar sauro da riga mai dogon hannu da yamma suna nan daram. Kuma ba ya son tsallake. Ƙarfinsa a jini yana raguwa da rabi cikin ƙasa da kwana guda, in aka manta yau aka manta jibi, an yi asarar kuɗi ne kawai.

Yana da halaye da ya kamata a sani. A sha shi da abinci, a kora da ruwa cike da kofi, a tsaye ko a zaune, kada a kwanta sai bayan aƙalla rabin sa'a. Idan kafson ya maƙale a maƙoshi ya narke a can, yakan ƙona wurin, mutum ya yi kwanaki ko yawu ba ya iya haɗiya cikin daɗi. Mai azumi, na fi son ya sha bayan ya ci abincin buɗa-baki da ya haɗiye shi a gurguje da sahur ya koma shimfiɗa.

Sai maganar da na san ba za ta yi wa mutanen Ruma daɗi ba: fura da nono. Nono da madara suna rage yawan maganin da hanji ke tsotsa. Ban ce a bar fura ba, wa zai zo ƙasar nan a hana shi fura? A raba su da sa'a biyu ko uku. Ƙwayar ƙarin jini da farin maganin olsa na kwalba sun ma fi nono hana shi aiki, su ma a nisanta. Mai shan maganin farfaɗiya, ko na tarin tibi, ko na tsinka jini, ya faɗa wa likita tun farko.

Yakan sa rana ta ƙona fatar wasu, musamman masu hasken fata. Yakan tayar wa wasu zuciya. Wasu matan kuma yakan jawo musu ƙaiƙayin gaba, abin da kunya ke hana su faɗa, alhali maganinsa mai sauƙi ne.

To me ya sa duk da haka ake son sa? Ya fi sauran araha nesa ba kusa ba, kuma ana iya fara shi a ƙurarren lokaci. Mu kuwa tafiyarmu sau da yawa ba ta shiri ba ce. Waya ce za ta shigo da dare, an yi rasuwa, ko tsoho yana kwance yana neman ka. Wanda zai hau jirgi jibi yana iya fara doksisaikilin yau.

Na biyar: waɗanda bai kamata su sha ba.

Mai juna biyu ba ta shan sa. Yaron da bai kai shekara 8 ba ba a ba shi, a Birtaniya ma sai ya kai 12, saboda yana iya ɓata launin haƙoran da ke tasowa. Kun ga matsalar: mutum biyun da suka fi kowa shiga haɗari su ne aka hana.

Akwai madadi. Malarone ana shan sa kullum, a fara kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a ƙara kwana 7 kacal bayan an koma, don shi yana bin ƙwayar har hanta. Ga mai hutun mako biyu, ƙwaya 23 ke nan. Akwai na yara da ake aunawa da nauyin jiki. Aibinsa tsada. Sai meflokwin, wanda aka fi sani da Lariam, sau ɗaya a mako, amma a fara mako biyu zuwa uku kafin tafiya, a ƙara huɗu bayan an koma. Yakan kawo wa wasu munanan mafarkai da firgici da jiri, har hukumar magunguna ta Amurka ta sa masa gargaɗi mai ƙarfi a 2013. Mai farfaɗiya ko wanda ya taɓa samun matsalar damuwa ko taɓin hankali ba ya kusantarsa. Mace mai ciki da ke zaune a waje, shawarata ta farko ita ce ta ɗaga tafiyar, biki ba ya ƙarewa. In ta zama dole, likitanta ne zai zaɓa mata.

Dattawa za su tuna kulorokwin da ƙaiƙayinsa, da Daraprim da ake sha ranar Lahadi. Waɗannan kwanansu ya ƙare. Ƙwayar cutar ta gagare su, shi ya sa Najeriya ta sauya daga kulorokwin a 2005. Allurar rigakafin maleriya da aka fara a jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024 kuwa ta jarirai ce mazauna ƙasa, ba ta matafiyi ba.

Na shida: to mu ma mu sha mana?

Na ga wani ɗalibi yana murmushi, na san tambayar ke nan. Tun da yana da araha, kuma akwai shi a kemis, me zai hana kowa a Batsari da Safana ya riƙa haɗiyar ɗaya kullum daga Yuli zuwa Oktoba?

A'a. Kuma ina roƙon masu kemis da ke nan su saurara. Baƙo yana sha ne na 'yan makonni, su kuma baƙin ba su da yawa. Idan gari guda ya koma shan antibayotik wata huɗu duk shekara, ba ƙwayar maleriya kaɗai ke haɗuwa da shi ba. Duk bakteriyar da ke cikin hanji da fata tana ɗanɗana shi kullum, masu rauni su mutu, masu taurin kai su rage su hayayyafa. Wani babban bincike ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya saboda cututtukan da antibayotik ya daina ci. Mun riga mun yi nisa a wannan hanya: ciwon ciki kafso, mura kafso, a buɗe shi a barbaɗa a gyambo, a jiƙa wa kaji, a yi wa shanu allurar danginsa ba awo ba ƙa'ida.

Ku tuna annobar amai da gudawa ta 2021. Sama da mutum 100,000 aka yi zaton sun kamu a Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu, Katsina na cikin jihohin da abin ya taɓa sosai. Bayan ƙarin ruwa, kun san antibayotik ɗin da ake fara ba wanda cutar ta tsananta masa? Wannan doksisaikilin ɗin ne. In muka dakushe shi a kan abin da gidan sauro zai yi mana, da me za mu tari kwalara in ta dawo?

Mazaunin gida nasa a bayyane yake: gidan sauro mai magani a kan gado, ba a kewaye lambun tumatir da shi ba. Jiki ya yi zafi, a yi gwajin jinin yatsa, minti 15 zuwa 20 ne. In ya nuna, a sha magani har ƙarshe. In bai nuna ba, a nemi abin da ke damun mutum, a daina cewa kemis ya yi haɗin maleriya da taifot.

Na bakwai: waɗanda suka dawo ba shiri, da waɗanda suka koma.

Akwai wasu 'yan'uwanmu da littattafan likitocin Turai ba su cika tunawa da su ba. Su ne waɗanda aka kwaso daga Saudiyya ko Libiya ko Aljeriya aka sauke a Kano ko aka tsallako da su ta Agadas da Maraɗi, bayan shekaru a can, wasu da 'ya'yan da ba su taɓa ganin damina irin tamu ba. Ba wanda ya rubuta musu magani, kuma tun da zama suka zo yi, maganin kullum ba zai yiwu har abada ba. Nauyin yana kan mu masu tarbarsu. Tun daren farko a ɗaura musu gidan sauro. Yaran da ba su kai biyar ba a tabbata an rubuta su cikin maganin wata-wata. A daminarsu ta farko da ta biyu, zazzaɓin kowannensu, babba ko yaro, a ɗauke shi kamar na jariri: gwaji a ranar, ba a jira a ga kwanan gobe ba, ba a tsaya jiƙa ganyen darbejiya ba.

Wanda ya gama hutu ya koma kuwa, ko ya sha maganinsa tsaf, duk zazzaɓin da ya zo masa, musamman cikin wata uku na farko, har ma zuwa shekara, ya tafi asibiti a ranar. Likitan can yana iya shekara bai ga mai maleriya ba, zai ɗauka mura ce ya ce a je a huta. Kada a jira ya tambaya. Tun daga bakin ƙofa a ce masa: daga Najeriya na dawo, ina so a gwada maleriya. In gwajin farko bai nuna ba kuma zazzaɓi bai sauka ba, a koma a sake.

Abu na ƙarshe, a sayi maganin tun a can, a hannun likita ko kantin magani mai rajista, adadin da zai kai har ƙarshen mako huɗun. Wanda dole ta sa zai saya a nan, ya duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki, ya guji wanda ake tallarsa a faranti cikin rana ranar kasuwa. Ku da kuke da 'ya'ya da ƙanne a waje, idan suka bugo waya suka ce suna tafe, bayan kun gama lissafin tsarabar da za a kawo, ku tambaye su ko sun ga likita.

Shugaban zama, na ga ana nuna mini agogo, a nan zan dakata.  Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ya ɗaga hannu ya faɗi garin da ya fito, a kuma miƙa wa ɓangaren mata abin magana tukuna. Wanda tambayarsa ta shafi ciwon kansa ko na iyalinsa, ya same ni a gefe bayan an tashi.